Inda Aka Ce Biyar

Tun Litinin ake ruwa a Valdivia,
irin ruwan nan da ba ya tsawa, ba ya ɗaukewa.
Ina hawa na uku, taga tana gumi,
kundin ƙa'idojin hukumarmu a buɗe,
shafi na sittin da ɗaya, sakin layi na huɗu:
duk fadamar da ba ta kai kadada biyar ba,
ba sai an tura mai bincike ba.

Biyar.
Na sauka ɗakin ajiya na zaƙulo asalin,
takardar ta yi ja, ƙusarta ta yi tsatsa.
Sifili, waƙafi, biyar. Rabin kadada ke nan.
Tsakanin teburin ƙwararru da maɗaba'a
sifili da waƙafi suka zube
kamar tsaba daga hujin buhu,
shekara goma sha ɗaya ba wanda ya duƙa ya tsinta.

Ba ni na gano ba, kada in ci gumin wata.
Fresia Llancapán ce ta hawo da takalman roba,
tana ɗiga a kan dardumar ofis,
ta dire kwando a kan fayil ɗina.
Ta ce, na ƙarshe ke nan.
Ciyawar da nake saƙa shi tana ƙarƙashin tsakuwa,
an kafa rumfar katako a kanta.
Kadada uku ce fadamar bayan gidanmu.
Dā kwaɗi ke hana mu barci,
yanzu shiru ke hana mu.
Wa kuka aiko ya duba?

Ba mu aiki kowa ba.
Ƙa'ida ta ce ba sai mun aika ba.

Darakta Riquelme ya cire tabarau ya murje ido.
Mutumin kirki ne, yana shayar da furen taga da kansa.
Ya ce, rubuta tuntuɓen alƙalami ne,
gyara ne na rubutu, bai taɓa kowa ba.
Na ce, izini arba'in da uku suka wuce ta wannan ƙofa.
Na ƙirga da daddare, na sake ƙirgawa da asuba,
ban samu ragin ko ɗaya ba.
Ya yi shiru har shayinsa ya huce.

Akwai abin da ban faɗa masa a ranar ba.
A gefen takardar gwaji ta maɗaba'a,
inda mai dubawa ke sa hannu,
akwai haruffa biyu da shuɗiyar tawada: E. B.
Eliana Barría, shekara ashirin da shida,
yammacin Juma'a, motar ƙarshe za ta tashi,
uwata tana asibiti a ƙetaren kogi.
Na tuna motar. Na tuna rigar da na sa.
Shafin ne ban tuna ba.

Washegari na faɗa.
Bakina ya bushe, amma rufin bai faɗo ba.

Sanarwar ta fito a jaridar gwamnati, layi ɗaya,
ƙasa da tallar gwanjon tsofaffin motoci:
inda aka ce biyar, a karanta rabi.
Na sa aka ƙara jerin arba'in da ukun a bayanta,
wata biyu muna jayayya kafin a yarda.
Takarda tana karɓar gyara.
Tsakuwa ba ta karanta jarida.

Saura fadamu tara da buƙatarsu ke kan layi,
yanzu dole ƙafa ta taka su.
Ran Asabar na je ta farko, ruwa har gwiwa.
Fresia tana can, ban san wa ya gaya mata ba.
Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba.
Ta dai kama ɗaya bakin igiyar awo,
ta ja baya cikin ciyawa har ta kusa ɓacewa,
ta ɗaga murya ta ce,
karanta da ƙarfi, in ji da kunnena.