Takardar Ƙosai

Tasalla mai ƙosai a bakin Ƙofar Na'isa
ba ta ƙunshi a leda, ta ce leda na kashe ɗanɗano.
Wani littafi ta samo wajen masu sayar da takarda a kilo,
babu bango, babu farko,
kullum safe ta yagi shafi, ta naɗe min na ɗari biyu.

Ranar farko maiƙo ya fito min da wata halitta:
bakin agwagwa, jikin gafiya,
ƙwai take saka wa, kuma ta shayar da nono.
Na kai wa Tanko mai faci. Ya goge hannu a wando,
ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce, "Wannan aikin tela ne, haɗi aka yi."
Ban yi musu ba. Na ninke, na sa aljihu.

Washegari fure ne, faɗinsa ya fi faifai,
ba ganye, ba kara, ja wur kamar tsokar sa,
warinsa warin mushe,
ƙudaje ne 'yan bikinsa.
Ashe ko fure
ba don kowa yake kwalliya ba.

Ran Laraba, kifi mai kan doki, bai fi yatsa ba,
namijin ke ɗaukar ciki har ya haihu.
Na karanta wa Tasalla, ta saki matsami don dariya:
"A kawo shi garin nan ya yi wa mazanmu nasiha!"
Ta ƙara min biyu gyara.

Akwai tsiron hamada can kudu mai nisa,
ganye biyu rak ya mallaka,
shekara dubu yana jan su a ƙasa kamar tsohuwar tabarma.
Akwai itace mai siffar laima a wani tsibiri,
in an sare shi sai ya zubar da ja kamar jini.
Akwai tsiro mai rataye da tulu,
ƙwaro ya leƙa shan zaƙi, shi ke nan, sai labari.

Na tara su a gwangwanin madara,
tururuwa na bin maiƙo, ina kore su.
In an ɗauke wuta, ni da jikana Mudan
mu haska fitilar waya mu zaga duniya,
ba fasfo, ba kuɗin mota,
sai ƙanshin yaji da man gyaɗa.

Jiya littafi ya ƙare.
Shafin ƙarshe tsuntsuwa ce, kai a aske, wuya a tanƙware,
a ƙasa an rubuta: ta kusa ƙarewa.
Mudan ya ɗora yatsa a kanta:
"Kaka, wannan fa, a wace ƙasa take?"

Ungulu ce.
Ita da muke jifa a kwata muna yara,
ita da ke jeru a kan rufin mahauta
kamar dattawa a zaman makoki,
tana kwashe mana ƙazanta, muna biyan ta da zagi.
Mun ce ta koma gidanta na tsamiya.
Tsamiyar ma mun sare, mun kafa shago.
Ban san ranar da ta tafi ba,
ba wanda ya yi cigiya.

Da la'asar na ja hannunsa muka hau Dala,
gwiwa tana ƙara, numfashi na sarƙewa.
Ga gari shimfiɗe, kwano bayan kwano,
ga hayaƙin a-daidaita-sahu, ga tattabarun wani.
Muka daɗe muna ɗaga kai.

Can wani baƙin abu ya taso ta wajen Fagge,
yana shawagi, ba ya kaɗa fiffike.
Yaro ya ƙanƙame min riga: "Ita ce? Ita ce?"
Na ƙura ido.
Leda ce.