Mabuɗin Ranar Talata

Ranar Talata ni ke riƙe da mabuɗi.
Matakala goma sha huɗu zuwa ƙasa,
a wuce injin kofi da ya mutu tun bara,
ƙofa ta uku, da takarda manne a jiki:
Cibiyar Mata. A shigo, ba sai an ƙwanƙwasa ba.

A waje Duluth ta daskare,
bakin tafki ya yi fari fat.
A ciki hita na tari irin na tsohuwa.
Na ɗora shayi, na cika kwandon audugar mata,
wanda ba a tambayar sunan mai ɗiba.

Pakou ta fara zuwa, da jariri cikin bargo biyu.
Jarrabawar lissafi ƙarfe goma.
Ta miƙo shi ba ta ce uffan ba,
ni da ban taɓa raino ba
na riƙe shi kamar ƙwai
har ta dawo, tawada a yatsu, tana haki.

Da rana Odalys ta rubuta a allo:
Yadda za ki nemi ƙarin albashi.
Muka zauna bibbiyu, wannan shugaba, wannan mai nema.
Da na faɗi adadin
sai na ji bakina ya ɗora masa “yi haƙuri”.
Ta ce, sake.
Na sake. Ta ce, sake.
A karo na biyar adadin ya fito shi kaɗai,
ya tsaya a tsakar ɗaki, bai sunkuyar da kai ba.

Kada a ce kullum lafiya lau muke.
Harshe da haƙori ma sukan saɓa.
Tamsin da Waseya sun yi awa biyu
a kan fastar tattakin dare:
fuskar wa za a sa, da yaren wa,
wa aka manta bara, wa ya yi mantuwar.
Waseya ta fita ta bugo ƙofa.
Washegari ta dawo da almakashi da gam.

Ƙarfe shida, majalisar ɗalibai, hawa na uku.
Suna son ɗakinmu, za a ajiye kayan wasan ƙanƙara.
Wani mai taye ya gyara murya:
mutum nawa ke amfana? A ba mu lamba.

Na duba takardata.
Ta wane layi zan sa yarinyar nan
da ta shigo cikin Oktoba,
ta zauna minti arba’in tana kallon bango,
shayinta ya huce a hannu,
ta zari katin da ke da lambar waya
ta cusa cikin safa, ta tafi?
Ban san sunanta ba.
A fom na rubuta: ɗaya.

Na karanta musu abin da ke ƙirguwa.
Muryata na rawa, amma ban ba kowa haƙuri ba.
Aka ɗage magana sai wata mai zuwa.
Kwamiti ke nan, tafiyar hawainiya.

Na sauko na tarar Pakou ta wanke kofuna.
A ƙasan durowa, ina neman biro,
na ci karo da wani tsohon littafi,
bangonsa ya ci ruwa.
Rubutun wata Lorna, shekara arba’in da ɗoriya:
Hita ta sake lalacewa.
Sun ce za su karɓe ɗaki.
Wa za ta kawo madara gobe?

Na yi dariya ni kaɗai har da hawaye.
Na nemi shafin da ba kowa,
na sa kwanan wata, na rubuta:
Hita na nan da tarinta.
Madara saura rabi.

Na kashe fitila, na ja ƙofa.
Mabuɗin na cikin aljihuna, da ɗuminsa.
Gobe Laraba, na Waseya ne.