Tabo a Gefen Maɓalli

Ƙarfe tara na dare a Ikko.
An ɗauke wuta, janareta ya karɓi aiki yana tari,
ni kuma ga ni da rigar mamaci
shimfiɗe a teburin ƙarfe, hannuna cikin safar roba.

Shadda ce, ruwan toka, sabon ɗinki.
An tsinci mai ita a bayan tashar Agege
ranar Laraba, kafin assalatu.
A wuyanta, dab da maɓalli na biyu,
akwai tabo, bai kai ƙwayar dawa ba,
ja-ja, ya bushe ya dafe.

Na'ura ta gama maganarta tun jiya.
Ta zana tsaunukanta a takarda,
kowane tsauni da lambarsa,
ta ce ƙwayoyin halittar Sallau ne,
Sallau tela, na layin 'yan goro,
wanda aka ji suna cacar baki da marigayin kan cikon kuɗi,
wanda ya kwana huɗu a bayan kanta.

Sufeto Oyelaran ya kira sau uku.
"Madam Kande, jininsa ne, ko ba haka ba?
Sa hannu mu rufe fayil."

Na ce masa na'ura ta san mai abu,
ba ta san abin ba.
Suna ɗaya ne a jini, shi ne a gumi,
shi ne a hawaye, shi ne a majina.
Ta ce wane. Ba ta ce yaya ba.

Na jiƙa auduga, na shafo gefen tabon,
na ɗiga magani, na jira.
Da jini ne, da ta koma ruwan hoda
kafin in ƙifta ido.
Ta tsaya fara fat, kamar ba da ita ake ba.

Na yanko zare ɗaya, na ɗora a kan sitaci
da aka rina shuɗi.
Na sha shayi mai sanyi. Na duba agogo.
A hankali shuɗin ya ja da baya,
ya buɗe fili kewaye da zaren,
yadda miyau ke cin tuwo tun bai bar baki ba.

Miyau ne.
Miyau da goro.

Sai na ga babana a Obalende,
ƙafa a kan keke, almakashi ya ɓace cikin ƙyallaye,
ya sunkuya ya datse zare da haƙori,
ya bar wa mai riga ɗan jan hatimi
da ba wanda ya taɓa ƙorafi a kai.

Ban rubuta cewa Sallau ba shi da laifi ba.
Wannan ba aikin auduga ba ne.
Na rubuta abin da na gani, layi biyu:
bakinsa ya taɓa zaren nan,
jininsa bai taɓa rigar nan ba.
Abin da aka kankaro daga farcen mamaci
yana firiji, yana jiran gobe.

A danfo, kan doguwar gada,
na leƙa ruwan da ke ƙasa, baƙi ƙirin,
gumin gari duka ya gangara ciki,
ba mai suna ko ɗaya.
Kwandasta ya lashi yatsa
ya ƙirgo min canjina.