Shida

Da asuba a caji ofis na Kumo
Saja Bappayo ya buɗe kwaɗo,
ya miƙo min libarba ta taga.
Ta girme ni a aiki.
Lambarta ta goge, sai an karkata ta ga haske.

Harsashi shida. Na ƙirga, ya ƙirga.
Na sa hannu ƙarƙashin sunan Kofur Molta
da aka ja wa jan layi bara.

An ce sababbi na hanya daga hedikwata;
tun gero na tsiro ake faɗa,
ga shi har an sussuke.

Zanen aro ce,
amma ƙuguna ya saba da nauyinta.

Da magariba na mayar.
Shida.
Bappayo ya yi hamdala, ya rufe littafi.
Yau ma babu gidan makoki saboda ni.