Minti Uku

A makarantarmu ta Kakuri, bayan masaƙa,
ran Laraba ake fito da bencina gindin darbejiya.
Malam Tukur ya ajiye agogonsa kan tebur,
agogon nan da maɗaurinsa ya tsinke tun kafin a haife mu,
ya ce, "Minti uku kowa.
Wanda ya yi zagi ya faɗi, ko da gaskiya na hannunsa."

Barau ne mai lokaci.
Tsohon wilin mota rataye a reshe, guntun ƙarfe a hannu.
Ko kana tsakiyar kalma,
ƙwal! ka zauna.

Ni aka ba manomi, Rifkatu aka ba likita.
Kwana shida ina haddar hujja,
ina karanta wa akuyar gidanmu,
har Inna ta fara tambaya ko gamo na yi.
Ranar, na miƙe da takardata ke nan
sai Malam ya ɗaga yatsa:
"Ku yi musanya. Ke kare manomi, kai kare likita."

Gumi ya karyo mini.
Na tsaya ina rushe katangar da na gina da hannuna,
tubali bayan tubali,
ina mamakin yadda na san inda kowace ɓaraka take.
Da maki huɗu ta kayar da ni.
A bakin ƙofa ta karya rakenta biyu ta miƙo mini rabi,
muka ci gaba da musu har tasha,
muna tofar da ɓawo tsakanin hujja da hujja.

Malam kan ce,
"In ba ka iya faɗin maganar abokin hamayyarka
har shi ma ya gyaɗa kai ba,
to taka ma aro ce."

Shekara talatin da wani abu.
Masaƙa ta yi shiru, ciyawa ta haye ƙofarta.
Rifkatu ta koma Sabon Tasha, ni na koma Rigasa,
kogi a tsakani.
Ba mu muka zaɓa ba, tsoro ne ya yi mana dillancin gida.

Jiya Barau ya zo unguwarmu neman kujera.
Lasifika shida, hula ta sha kari.
Awa biyu cur yana zuba,
shi da ke katse mu a tsakiyar kalma.
Na ɗaga hannu kamar yadda aka koya mini,
tambayata ƙarama ce:
kwalbatin layinmu, da wane kuɗi, kuma yaushe?
Wani yaro mai jan ido ya dafa kafaɗata,
"Baba, sauke hannunka, nan ba aji ba ne."
Sai ka yi! Sai ka yi!
Ihu ya haɗiye tambayar ko tauna babu.

An ce abokin takararsa na can ƙetaren gada,
da nasa lasifikan, da nasa masu ihun.
Kowa ya yi nasara a filin da shi kaɗai ya yi magana.
Ba benci, ba agogo,
ba mai cewa ku yi musanya.

Da dare na lalubo lambar Rifkatu.
Ashe ɗaya ɗan takarar take yi.
Muka kaure, ta kawo, na kawo,
ta ce haraji, na ce asibiti,
sai ta yi dariyar nan tata ta da:
"Tsaya. Kai kare nawa, ni in kare naka."

Na gyara zama, na share murya.
Na fara samo wa mutumin nata abin kirki,
na farko da ƙyar, na biyu da sauƙi,
ina tsakiyar na uku,
ƙit! kati ya ƙare.

Na zauna.