Rigar da Ba a Karɓa Ba

Wata goma sha ɗaya rigarki na rataye
a shagona na Palladan, Zuwaira.
Fara, mai maɓalli shida. Saura adon kafaɗa,
kika ce in bari sai kin ci jarrabawa.

Ran Talata da hantsi,
ina tsaka da zura zare,
sama ta yi ƙara ɗaya.
Duk faɗin da Allah ya yi mata,
jirage biyu suka rasa wurin giftawa.
Manoman Bomo suka tsinci fiffike cikin dawa.

Yau aka ce a rediyo an sa hannu:
kowane jirgi sai da na'urar
da za ta gaya masa wani na kusa,
kowace hasumiya mutum biyu a farke,
tazara kaza, tara kaza.

Dokar ta yi, ban ƙi ba.
Amma ni tela ne,
sau biyu nake awo kafin almakashi ya taɓa yadi.
Su sai da suka yanka suka nemi tef.

Ƙannenki na makaranta sun koma tashi.
In na ji inji bisa kwano,
ƙafata takan tsaya a kan feda
har sai ya wuce Kwangila.