Ta Tafin Hannu

Hantsi a Ƙofar Ƙaura, gindin bedi,
Na shimfiɗa kwali na durƙusa.
Bishir ya faka Golf ɗinsa mai layin Daura,
Amfilifaya ɗan kwatano a cikin leda,
Ya ce, "Rewaya, yau sai ka ja mini waya."

Na fara kwance baƙin kan batir.
Wanda wuta ta taɓa lasa ba ya gaggawa.
Ga tabon a yatsana tun ina yaron shago,
Ranar da zobe ya haɗu da sufana,
Wata guda ina cin tuwo da cokali ana mini dariya.

Jar waya mai kaurin ɗan yatsa,
Na ɗaura mata fis a wuya,
Taƙi ɗaya daga batir, kada ya wuce haka.
Na lalubo ƙofar roba a bangon inji,
Na shafa sabulu, na zura a hankali.
Bakin ƙarfe tsirara gara ne, ba ya surutu,
Yau ya ci fata, gobe ya ci fata,
Jibi sai hayaƙi a Mashi, tsakiyar hanya.

Ta bi gefen direba, ƙarƙashin kafet,
Inda na tsinci busasshen goro da tikitin tasha.
Wayar sauti na kai ta gefen fasinja.
Nafi'u ya ce, "Oga, ai rami guda ya ishe su."
Na ce, ka taɓa jin mota na kukan sauro,
Ka taka totur ya hau, ka saki ya sauka?
Wuta da murya 'yan uwa ne,
Amma ba sa kwana ɗaki ɗaya.

In dole su gamu, su gitta juna,
Sannu, sannu, kowa ya juya baya.

A but na kankare fenti har ƙarfe ya yi fari,
Baƙar waya gajera, noti ya kama ta kam.
Shuɗiyar siririya ita ce ɗan aike,
Ita ke buga ƙofa ta ce a tashi.
Lasifika kuwa, mai zane sai mai zane.
Ka juya guda, wannan na turi wancan na ja,
Ganga ta koma fankon ƙwarya.

La'asar sakaliya na mayar da kan batir.
Na ce, "Bishir, duk wannan don a ji ka daga Kusugu?"
Bai tanka ba. Ya nufi bencinmu,
Inda wani tsoho ke zaune tun safe,
Na gaishe shi sau biyu bai amsa ba,
Har na ce a raina, dattijon nan akwai izza.
Ashe ni ne da jin kunya.

Baba Sada ne, mahaifinsa.
Shekara arba'in yana wa mahauta kalangu,
Yanzu ko aradu ta faɗi sai dai ya ga walƙiya.

Bishir ya zaunar da shi a baya,
Ya kama hannunsa ya manna a jikin ƙofa.
Na murɗa kaɗan. Babu sauro.
Na ƙara. Ƙofa ta fara numfashi.
Yatsun tsoho suka motsa, na tsakiya tukuna,
Sannan kafaɗa, inda igiya ta bar masa kanta.
Nafi'u ya tsaya da filaya a hannu.

Tsoho ya ɗaga murya, irin ta wanda ba ya jin kansa:
"Makaɗin nan yaro ne, yana gaggawa.
Amma ƙaro, ɗan nan, ƙaro,
Ga shi nan yana hawowa ta jijiya."